A Daraja Masu Karanta Motsin Ƙasa

A ranar 25 ga Yulin 2017, 'yan Boko Haram suka yi wa ayarin masu binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri da ke Jihar Borno. Cikin ayarin akwai ma'aikatan sashen nazarin ƙasa da duwatsu na Jami'ar Maiduguri, waɗanda kamfanin NNPC ya ɗauko don aiki a Kwarin Tafkin Chadi. An kashe wasu, aka sace uku, ba a sako su ba sai a Fabrairun 2018. Da yawan 'yan ƙasa ba su san da wannan sana'a ba sai a ranar.

Masanin girgizar ƙasa na aiki ne da igiyoyin motsi da ke ratsa duwatsu. Na'urorinsa na naɗar lokacin da igiyar ta iso da ƙarfinta, daga nan ya gano inda dutse ya tsage ko inda mai zai iya kwanciya. Da irin wannan haƙuri Inge Lehmann, 'yar ƙasar Denmak, ta gano a 1936 cewa duniya na da wata cibiya ta can ciki. A gida kuwa, Farfesa Deborah Ajakaiye ta yi shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana nazarin abin da ke ƙarƙashin ƙasar Najeriya, ta kuma yaye ɗalibai a fannin.

Masu ganin girgizar ƙasa matsalar Turkiyya da Japan ce su tuna da Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018 da 2024, inda mutane suka fito daga gidajensu a firgice. Cibiyar da ke Toro a Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar NASRDA, na sa ido kan irin wannan motsi, amma ƙasa mai faɗin Najeriya na buƙatar ƙarin tashoshi da ƙwararru.

Wannan jarida na kira ga Gwamnatin Tarayya da ta kafa tashar auna motsin ƙasa a Jami'ar Maiduguri, ta ware tallafin karatu ga matasan Arewa maso Gabas masu sha'awar fannin. Haka kuma, kada a sake tura masani daji ba tare da ingantaccen tsaro da inshorar rai ba. Rigakafi ya fi magani, kuma ƙwararren da aka rasa a yini ɗaya sai an shekara goma ko fiye kafin a horar da madadinsa.