Shin Um Nyobè da abokansa 'yan gurguzu ne?

Tun da aka bayyana wasiƙar da Emmanuel Macron ya aika wa Shugaba Paul Biya, a watan Agustan 2025, inda ya amsa cewa Faransa ta yi yaƙi a Kamaru kafin 'yancin kai da bayansa, sunayen da iyayenmu ke rage murya in za su ambata sun dawo bakin mutane. A nan Briqueterie ma an yi ta musu a teburin mai shayi. Wani dattijo ya nemi kashe zancen: "Yarana, ku bar su, ai kwaminis ne, ba su san Allah ba." Wannan magana ta fi shekara saba'in tana yawo, ya kamata mu duba daga ina ta fito.

Dattijon yana da hujja, kada mu raina shi. A 1944 wani malamin makaranta Bafaranshe, ɗan kwaminis, Gaston Donnat, ya buɗe zauren nazarin aƙidar Karl Marx a nan Yawunde, kuma Ruben Um Nyobè na cikin masu zuwa. Daga nan aka samu ƙungiyar ƙwadago ta USCC mai alaƙa da CGT ta Faransa. Da aka kafa jam'iyyar UPC a Duwala ran 10 ga Afrilu 1948, ta zama reshen RDA, wadda a lokacin take ƙawance da jam'iyyar kwaminis ta Faransa. Da Houphouët-Boigny ya raba gari da kwaminis a 1950, UPC ta ƙi bin sa. Wanda ya ga haka ya ce akwai gurguzu a ciki, bai yi ƙarya ba.

Amma makarantar da mutum ya yi daban, abin da ya fito nema daban. Sau uku Um Nyobè ya je Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1952 da 1953 da 1954. Me ya kai? A haɗe Kamaru ta Faransa da ta Ingila, a kuma sa ranar ba da mulkin kai. Bai ce a ƙwace gonar koko ta kowa ba, bai ce a hana fatauci ba, bai ce a rufe coci ko masallaci ba. Shi kansa a makarantar mishan ya tashi, kuma ya sha faɗin cewa UPC ba ta kwaminis ba ce, ba kuma ta masu gaba da kwaminis ba. A cikinta akwai leburori, akwai manoma, akwai kuma 'yan kasuwar Bamileke da masu motocin haya, mutanen da babu abin da ya haɗa su da raba dukiya. Haushinsu shi ne Bature ya kame ciniki ya bar musu ƙashi.

To wa ya amfana da tambarin? Gwamna Roland Pré ne da mutanensa. Zamanin yaƙin cacar baka ne, in ka ce abokin gabarka kwaminis ne, Amurka za ta kau da kai. A watan Afrilun 1955 manyan limaman Katolika suka fitar da wasiƙa suna jan kunnen mabiyansu game da UPC. Wata na gaba aka zubar da jini a Duwala da sauran garuruwa, ran 13 ga Yuli aka haramta jam'iyyar. A Arewa ma dabarar ke nan, sai dai da harshenmu: likita Félix Moumié ya yi aiki a Marwa yana ƙoƙarin kafa rassa, amma lamidai sun ga cewa wanda ya ce talaka na da baki, gobe zai taɓa haraji da rawani. Kalmar "ba su san Allah ba" ta fi bindiga arha. Mu da muke da dangi a Kano mun san irin wannan, haka aka riƙa shafa wa 'yan NEPU ta Malam Aminu Kano baƙin fenti, alhali malamai ne da almajirai suka cika ta. Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar ma ta sha.

Inda zance ya sauya shi ne bayan 1955. An kashe Um a dajin Boumnyebel ran 13 ga Satumba 1958. Waɗanda suka yi gudun hijira, Moumié da Abel Kingué da Ernest Ouandié, suka bi ta Khartum da Alƙahira zuwa Konakiri da Akara, suna neman taimako har ƙasar Sin. Nan harshensu ya ƙara yin ja, domin wanda ya ba ka masauki da makami, kalmominsa ma za ka ara. Osendé Afana, masanin tattalin arziki da aka kashe a 1966, shi kam a fili yake bin tafarkin Mao. An sa wa Moumié guba a Jeneba, ya rasu ran 3 ga Nuwamba 1960. An harbe Ouandié a Bafusam ran 15 ga Janairu 1971. A ganina, in an ce UPC ta gudun hijira tana da 'yan gurguzu na gaske, daidai ne. A ɗauki wannan riga a mayar da ita baya a sa wa Um na 1952, wannan zalunci ne ga tarihi.

Ba mu kaɗai ke wannan musu ba. A Ayalan, cikin waɗanda Ingila ta harbe bayan tawayen 1916, James Connolly ɗan gurguzu ne tsantsa, shugaban 'yan ƙwadago, amma Patrick Pearse harshe da al'ada da addini ne suka tura shi. Tuta ɗaya suka mutu a ƙarƙashinta, har yau kowane ɓangare na jan gawarsu zuwa gidansa.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu. Dokar Disamban 1991 ta wanke sunan Um da Moumié da Ouandié, tare da Ahmadu Ahidjo wanda gwamnatinsa ta yaƙi UPC. Kwamitin da Karine Ramondy ta jagoranta ya miƙa rahoto mai fiye da shafi dubu a Janairun 2025, da Faransanci. Yaron da ke taya babansa gashin tsire a Brik da dare ba zai karanta shi ba. Abin da zai ji shi ne na dattijon teburin shayi, wanda shi ma daga bakin wani dogarin lamido ya gada.