Mai Cewa Ba Shi da Sukunin Karatu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin waɗanda suka gama ajin yaƙi da jahilci, daga Dogon Daji har Tambuwal da Kebbe. In an tambayi mutum littafin da ya ke karantawa, sai ya ce, ai gona da kasuwa ba su bar masa sukuni ba. Takardar shaidarsa tana can ƙasan akwati, a naɗe cikin tsumma. Wannan hanzari ba shi da tushe, ya kamata a tone shi.

Gaskiya ne aikin damina ba wasa ba ne, wanda ya yini yana noman gero kuwa ba ya rasa gajiya. Amma fa shi wannan mai gajiya, bayan sallar lisha sai a gan shi bisa tabarma da wayar hannu, yana kallon fim har dare ya raba. Ashe sukunin yana nan, an dai sayar da shi ne da araha.

A dubi magabatan ƙasar nan. Muhammadu Bello, ɗan'uwan Buhari na Tambuwal, shi ya kafa birnin Sakkwato cikin 1809, ga yaƙi, ga shari'a, ga baƙi kullum a ƙofa. Duk da haka cikin 1812 ya gama Infaƙul Maisuri, littafin da masu binciken tarihin jihadi su ke dogara da shi har yau, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan magani. Nana Asma'u tana da miji da 'ya'ya da hidimar gida, amma ta wallafa waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta aika da jajis ƙauyuka su koyar da mata. Wane manomi ne zai ce ya fi waɗannan ɗawainiya?

Ba a ce kallo haramun ne ba. Shaihu Umar ma an yi fim ɗinsa cikin 1976. Amma littafi ne tun fari, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta, aka buga cikin 1934. Mai kallo sai abin da aka nuna masa. Mai karatu kuwa yana iya tsayawa, ya koma baya, ya auna maganar da hankalinsa.

Hasarar ma ba ta tsaya ga rashin sanin tarihi ba. Karatu kamar fartanya ya ke, in an jingine shi sai ya yi tsatsa. Ran da aka miƙo wa mutum takardar cinikin gona, ko umurnin shan magani da malamin asibiti ya rubuta wa ɗansa, a ran nan zai tarar haruffa sun gudu, ya koma dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba.

Maganin abin ba wuya. Shafi biyu kowane dare, a shekara sun haura ɗari bakwai. Mai son labari ga Magana Jari Ce, mai son sanin halittu ga Ikon Allah, mai son asali ga Tarihin Fulani na Waziri Junaidu. Wanda ba shi da kuɗin saye ya ara, ko mutum biyar su haɗa su sayi ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya sa a gane, amin.