Taron tsintsiya ba shara: Pokémon da darasin ƙasar Kurfai

Ranar 27 ga Fabrairun 1996 kamfanonin Game Freak da Nintendo suka fitar da wasan Pokémon na farko a Japan, a kan ƙaramar na'urar Game Boy. Dodanni 151 ne a cikinsa. Ɗan wasa yana yawo cikin daji yana kama su, ya riƙe shida a hannunsa, kowane da dabarun faɗa huɗu kawai, kuma ana faɗan ne bi da bi: wannan ya zaɓi bugunsa, wancan ya zaɓi nasa, sannan a ga abin da ya biyo baya. A ƙarshen 2023 adadin dodannin ya kai 1025. Masoya wasan da dama na cewa ya tsufa, a rushe shi a sake gini. Sun yi gaskiya. Sai dai maganin da akasarinsu ke kawowa, wato a ƙara sauri a ƙara yawa, shi ne ainihin cutar.

Tarihin wasan shaida ne. A 2013 an kawo Mega Evolution, a 2016 Z-Moves, a 2019 Dynamax, a 2022 Terastal. Kowace dabara an yi mata shela, an sayar da ita, aka jingine ta daga baya. A 2019 kamfanin da kansa ya kasa ɗaukar kayansa, ya bar ɗaruruwan dodanni a wajen Sword da Shield. A watan Oktoban 2025 kuma Legends: Z-A ya yi watsi da bi da bi, faɗa ya koma na gudu da kauce-kauce a cikin wani birni da aka zana da siffar Paris. Ga yaron da ke da saurin yatsa wannan riba ce. Ga mai son tunani hasara ce. Sauri dai ya haifi nawa.

Masu cewa bi da bi tsohon yayi ne ba su zauna gindin dara a Filinge ba. Gurbi 30, kowane ɓangare da ƴaƴa 12, babu wata ƙa'ida sabuwa da ake ƙarawa kowace shekara, amma dattawa na kwashe rabin yini a kanta, ƴan kallo na rufe da su. Abin da ke riƙe su shi ne jiran da ke tsakanin bugu da bugu, lokacin da mutum ke karanta zuciyar abokin karawarsa. Haka ma kokowa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975: ƴan kokowa kan daɗe suna zagaye juna, suna lalube, kafin kamu guda ya raba gardama. Wanda ya cire wannan jira daga Pokémon ya cire abin da ya bambanta shi da sauran wasannin doke-doke da suka cika wayoyin hannu.

Sabon gini na gaskiya sai ya koma ga tushe. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro wasan, yaro ne mai kama ƙwari a Machida, kusa da Tokyo. Da gine-gine suka cinye filayen yarintarsa, sai ya so ya mayar wa yaran birni daɗin sanin halitta a mazauninta. Wannan sani kuwa abincin yau da kullum ne a Kurfai. Yaro ya san shamuwa ba ta zuwa sai damina ta kusa, shinge ba ya tashi sai bayan ruwa, gawo na zubar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke tohowa. Ya san inda damo ke ɓuya da sa'ar da bushiya ke fita. Daga nan gyara uku ke fitowa.

Na farko, a rage. Dodanni ɗari da ƴan kai da ɗan wasa zai san halin kowane sun fi dubu da ke jibge cikin akwatin kwamfuta. Makiyayin da ke kula da shanun Azawak a Tukunus, arewa da Filinge, yana sanin kowace saniya da kamarta da uwar da ta haife ta. Wanda bai iya rarrabe garkensa ba mai tari ne kawai, kuma wasan da ya wayi gari yana koya wa yara tari ba tare da kulawa ba ya kauce hanyar Tajiri.

Na biyu, a bai wa wuri da lokaci ƙarfi a cikin faɗa. Wasan ya taɓa gwada haka: a 2010 Black da White sun kawo lokutan shekara huɗu, aka yar da su a 2013. Kamata ya yi su zama ginshiƙi. Raƙuman dawa na Kure, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996 kafin a farfaɗo da su, suna sauka Dallol Boso da rani don gawo, su hau tudu da damina. Dodon da ƙarfinsa ke sauyawa tsakanin fadama da fako, tsakanin ɗari da bazara, zai tilasta wa ɗan wasa lura da ƙasa, maimakon haddar jadawalin jinsuna 18 na wa ke cin wa.

Na uku, faɗa ya kasance da farashi. A yanzu dodo ya suma, a kai shi asibiti, cikin daƙiƙa kaɗan ya miƙe garau kyauta. Gajiya ta bi shi zuwa karo na gaba, ƙishirwa ta rage masa ƙarfi, wanda aka wahalar ya ƙi bin umarni. Duk wanda ya taɓa jan ruwa da jaki ko raƙumi ya san dabba na da iyaka.

Za a ce, me ya haɗa malamin lakwal a Filinge da shawarar wani kamfani a Japan? Lalle Nintendo ba ya jiran wasiƙa daga Kurfai. Amma laifin da ake ɗora wa kamfanin yana nan a gida. Farin 1973 da na 1984, sarar daji, da rashin tsaron da ya addabi jihar Tilaberi a shekarun nan sun raba yara da dawa kamar yadda siminti ya raba Tajiri da filayensa. Akwai ɗalibin da zai jero sunayen dodanni hamsin da Faransanci, ya kuma kasa bambanta guza da damo. Malamin da ya tsaya ga kiran wasan shirme, ko ya jingina da haramcin da Saudiyya ta yi masa a 2001, bai ceto ko suna guda ba.

Faransawa ba su yi haka ba. Sun fassara sunayen da gwaninta: Salamèche ya fito daga kalmar wata halitta mai kama da ƙadangare da kalmar lagwani. Babu harshen Afirka ko guda da aka fitar da waɗannan wasanni a cikinsa, ga shi kuwa tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ƙungiyoyin al'adu ba sa bukatar izinin kowa kafin su tara sunayen tsuntsaye da ƙwari da namun Kurfai daga bakin maharba da makiyaya, tun masu sanin suna raye. Da kwali da alƙalami aji guda zai iya tsara wasan kati na bi da bi, inda yanyawa ke karawa da tunku, burtu da dila, kowane da lokacinsa da mazauninsa. Ranar da wani matashi na Yamai ko Maraɗi zai mayar da shi wasan waya, ya tarar an riga an share masa fage. In aka bar aikin sai maharban sun ƙare, to ba a fafe gora ranar tafiya.