A ciyar da ƙwayoyin tumbi kafin a nemi ƙibar rago

Damargu ƙasa ce ta hatsi da bisashe. Amma duk shekara, daga watan Afrilu har faɗuwar damina, tumakin Tanut da na Balbeji suna ramewa ko da akwai kara jibge a gabansu. Makiyaya ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sai dai wannan ramar tana zuwa har a shekarar albarka.

Dalilinta yana cikin tumbi. Tunkiya ba ta narka kara da kanta. Akwai ƙwayoyin halitta bila adadin a tumbinta, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narka shi, ita kuma ta rayu da abin da suka fitar. Busasshen karan hatsi ba ya ƙosar da su. In sun raunana, sai kara ya daɗe a ciki, cin dabba ya ragu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kakanni sun san da haka, shi ya sa suke ba da kanwa da gishirin Bilma, da harawa da ƴaƴan gawo. Malaman kiwo sun ƙara wata dabara: a jiƙa kilo 5 na farin takin nan da ake kira ure cikin ruwa lita 50, a yayyafa a kan kara kilo 100, a rufe ruf har mako uku. Kara ya yi taushi, ƙwayoyin su samu abin da suka rasa.

Amma akwai haɗari. Ure guba ne in tunkiya ta ci shi zalla ko ta sha ruwansa, kuma ba a ba ɗan da ke shan nono. Haka mai kiwon ragon layya da ya cika masa ƙwarya da hatsi rana ɗaya: tumbi ya yi tsami, ƙwayoyin da ke narka kara su mutu, rago ya kama zawo. Sabon abinci kaɗan-kaɗan ake shigar da shi, har mako biyu.

Saboda haka sauke buhuna a Tanut bai wadatar ba. Ya kamata ma'aikatar kiwo ta tura malamanta kasuwanni da bakin rijiyoyi su gwada aikin a gaban jama'a, musamman mata, tunda turken gida a hannunsu yake. A sa awon cikin darussan yaƙi da jahilci. A kuma fara tun kaka, lokacin da kara ke da araha.