Ba da Otal Ake Auna Lafiyar Gari Ba

Wata magana ta samu gindin zama a Maiduguri, tun daga ofisoshin gwamnati har teburin mai shayi: wai gari ya farfaɗo, shaida kuwa ita ce otal-otal. Duk wanda ya yi baƙo daga Abuja sai ya zagaya da shi GRA, ya nuna masa gine-gine masu gilashi da kwamin ninƙaya da ciyawa kore shar a tsakiyar bazara, ya ce, "Ka gani? Borno ta dawo." Daga nan sai zance ya ƙara hawa. Samari na tura wa juna bidiyon otal ɗin tsibiri na Zanzibar ko Maldives, ɗaki a kan ruwa, tebur a bakin teku, kuku da doguwar farar hula yana jera loma uku a faranti, ga lambun furanni iya ganinka. A ƙasa a rubuta, "Allah Ka kai mu." Masu ilimin cikinmu kuma su ɗora da cewa abin da ya rage mana ke nan: a gina mana irinsa a bakin dam ɗin Alau, ko wata rana a wani tsibiri na Tafkin Chadi, masu yawon buɗe ido su zo, dala ta shigo, matasa su samu aiki.

Ni ban yarda ba. Kuma kada a ɗauka wa'azi zan yi. Wanda Allah Ya hore wa, ya samu ta halal, ya fid da zakka, in ya ga dama ya kwana a ɗakin miliyan, ba ruwana da aljihunsa. Borno ma ba baƙuwar alfarma ba ce. A gidan marigayi Alhaji Mai Deribe aka sauke Yarima Charles da matarsa Diana a 1990, kuma har yau ana labarin gidan. Rigimata da masu ɗaukar irin wannan wuri su mai da shi ma'aunin lafiyar gari, su kuma nemi a zuba masa kuɗin jama'a da ruwan jama'a da sojan jama'a.

A fara tambaya tukuna: me otal ɗin tsibiri yake sayarwa? Gado akwai shi a ko'ina, abinci ma haka. Abin da ake biya wa maƙudan kuɗi shi ne nisa da mutane. Mutanen Maldives, waɗanda Musulmi ne kamarmu, sun fi kowa sanin wannan. Da suka buɗe otal na farko, Kurumba, a 1972, tsarin da suka ɗauka daga baya shi ne tsibiri guda, otal guda, kuma a tsibiran da ba kowa. Baƙo ya sauka daga jirgin sama, a sa shi a kwalekwalen inji, ya yi mako yana cin abin da aka shigo da shi daga waje, yana shan giyar da aka haramta wa ɗan ƙasa, ya koma gida bai taɓa zama da mai gari ba. 'Yan ƙasa kuwa sun cunkushe a Male, ɗaya daga cikin biranen da suka fi matsatsi a duniya. Sharar birnin da ta otal-otal tun 1992 ake jibge ta a wani wuri da aka cike, Thilafushi, wanda ba za ka taɓa ganinsa a bidiyon da ake turo maka ba. Sai a 2009 gwamnatin ƙasar ta sassauta, ta yarda talaka ya buɗe ƙaramin masauki a tsibirin da yake zaune, don kuɗin baƙi ya riƙa tsayawa a hannun mutanen gari. Wato su kansu masu abin sun shafe shekaru kusan arba'in kafin su yarda cewa katange baƙo daga jama'a ba ya ciyar da jama'a.

Sai batun ruwa, wanda shi ya fi shafarmu. Wani bincike da ƙungiyar Tourism Concern ta Birtaniya ta fitar a 2012 ya nuna cewa a wasu ƙauyukan bakin teku na Zanzibar, ɗaki guda na babban otal yana lashe lita sama da 3,000 a rana, alhali gida guda na mutanen ƙauyen bai kai lita 100 ba. Lambun da ke burge ka a hoto ba da ruwan sama yake rayuwa ba. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, duk ciyawar da ka ga ta yi kore a bayan katanga, rijiyar burtsatse ce mai zurfi ke shayar da ita dare da rana, daga ƙasar da unguwanni ke jan nasu ruwan. A waje kuma mai moya na tura kurarsa cikin yashi, uwar gida na lissafin jarka nawa za ta ishi girki da wanki da alwala.

Ba ma sai mun je teku ba, tsibiranmu suna nan cikin gari. Kowane babban otal a Maiduguri yana da rijiyarsa, da janaretonsa ko farantan hasken rana, da masu gadinsa, da wayar ƙaya a kan katanga. Ya ware kansa daga duk abin da ke damun gari, kuma wannan warewar ita ce hajarsa. Da 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu a watan Janairun 2021, aka gyara a Maris suka sake fasawa cikin 'yan kwanaki, gari ya yi kusan shekara a duhu. Mai walda ya zauna, mai niƙa ya ninka kuɗi, mai sayar da ƙanƙara ya rufe shago. Na'urar sanyaya ɗakin otal ba ta tsaya ba. To ta yaya wurin da aka gina musamman don kada ya ji abin da gari ke ji zai zama shi ne ma'aunin lafiyar garin?

Kuma mu faɗi gaskiya game da asalin wannan bunƙasa. Ba zaman lafiya ne ya haife ta ba, yaƙi ne. Tun wajajen 2016 da ƙungiyoyin agaji suka kwararo, aka samu baƙi masu biya da kuɗin waje, masu neman ɗakin taro da abincin rana da kuɗin zama. Bita kan yunwa, a ɗaki mai sanyi, da kaza a faranti. Kuɗin haya a GRA ya yi tashin gwauron zabo, mai kuɗi ya ga kasuwa ya gina. Ban zarge shi ba, ɗan kasuwa ne. Amma tun da Amurka ta dakatar da kuɗin hukumarta ta USAID a Janairun 2025, kowa ya ga yadda ayyuka suka tsaya, aka sallami ma'aikata. Kasuwar da ta tsaya a kan bala'i, in bala'in ya lafa ko mai ba da sadaka ya gaji, da me za ta tsaya?

Wanda ke son ya san ko Maiduguri ta warke, ya bar GRA ya nufi Ajilari. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, maƙwabciyar Gomari da Bulumkutu, daf da filin jirgin sama, ta yadda mai tafiya hutu Dubai kusan ta kan rufin kwanonsu yake tashi. Su ma suna da wuraren hutunsu: gidan kallon ƙwallo, bencin mai shayi, tabarmar ƙofar masallaci bayan isha'i. A irin waɗannan wurare aka bi su aka kashe. A farkon Maris na 2014 bama-bamai biyu suka tashi a yankin, suka hallaka mutane da dama. Ranar 20 ga Satumban 2015 aka sake kai hari Ajilari Cross, a masallaci da wurin kallo da inda ake 'yan saye-saye. 'Yan sanda suka ce mutum 54 ne suka rasu, mutanen unguwa suka ce sun fi haka. Ranar 23 ga Disamban 2021, sa'o'i kaɗan kafin Shugaba Buhari ya sauka a garin, rokoki suka faɗo a wannan ɓangaren. Duk tsawon waɗannan shekaru ba wanda ya kewaye su da katanga. In yau yaro ya je kallon ƙwallo da dare uwarsa ta yi barci ba ta jiran ƙarar wani abu, wannan shi ne labari, kuma ya fi benaye goma nauyi.

Wani abin haushin ma shi ne, ana mana lacca kan "harkar saukar baƙi" kamar ba mu san ta ba. Lokacin da Bama da Gwoza da Dikwa da Baga suka faɗa hannun 'yan ta'adda a 2014 da 2015, yawan mutanen Maiduguri ya kusan ninkawa. Mafi yawan waɗanda suka gudo ba a sansani suka zauna ba, a gidajen mutane suka zauna, a unguwanni irin Ajilari. Mai ɗaki biyu ya ba da ɗaya, tukunyar mutum bakwai ta ciyar da ashirin, shekara da shekaru, ba rasit ba godiyar gwamnati. Babu otal a duniya da ya taɓa saukar da baƙi haka. Amma in an tashi rabon kuɗin "bunƙasa gari", waɗannan gidajen ne na ƙarshe a layi, magudanar ruwansu a toshe, famfonsu a bushe.

Su kuma tsibiran gaske, na Tafkin Chadi, mai mafarkin kafa laima da kujerar shan iska a kansu ya fara tambayar masunta halin da ake ciki. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙafe da kusan kashi 90 cikin ɗari zuwa shekarun 1980, ko da yake ruwa ya ɗan dawo daga baya. Tsibiran da Buduma ke kiwon shanun kuri masu manyan ƙahoni, suna iyo da su daga wannan tsibiri zuwa wancan, da yawansu sun zama maɓoyar 'yan ISWAP, masu karɓar haraji a hannun mai kamun kifi da manomi. Arziƙin tsibiran nan ba ɓoyayye ba ne: banda ce da ake lodawa a Doron Baga, ta sauka kasuwar kifi ta hanyar Baga a Maiduguri, ta wuce har Onitsha da Legas, ga masara da wake da barkono da ake nomawa in ruwa ya ja. Dubban gidaje ne ke ci daga wannan, tun daga mai kwalekwale har mai ɗaure kwali. Ana ta kai wa ke ta kaya? Sojan da za a ajiye ya tsare baƙo ashirin masu shan iska, shi ne ake nema ya raka motocin kifi.

Na san amsar da za a ba ni: ai otal na samar da aiki. Yana samarwa, amma nawa, kuma wane iri? Mai gadi, mai shara, mai wanki, mai ban ruwan fulawa. Manaja da babban kuku galibi daga wani wuri ake ɗauko su, kayan girkin ma rabinsu a mota ko jirgi suke zuwa. Wanda kuma ke ganin in gwamnati ta gina baƙi za su zo da kansu, ya tuna Tinapa a Kalaba. An buɗe ta a 2007 da ɗaruruwan miliyoyin daloli, da otal da manyan kantuna da wurin wasan ruwa a bakin kogi, a jihar da ba yaƙi. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, bashi ya yi mata katutu har hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta shiga maganar, manyan ɗakunan kuma suka zauna wayam. In Kalaba ba ta iya ba, wane Bature ne zai bi ta kan gargaɗin ofishin jakadancinsa ya zo shan iska a Konduga?

Baƙin Maiduguri na asali ba masu tabarau da gajeren wando ba ne. Fatake ne daga Chadi da Kamaru da Nijar masu shigowa ta Gamboru da Banki da Damasak, da dillalan shanu, da masu sarin kifi, da almajirai da gardawa masu zuwa gabas neman Alƙur'ani, da mata masu zuwa sayen turaren wuta da humra da lafaya, da masu neman hular zanna. Waɗannan su ke kwana a ƙananan masaukai da gidajen fatoma, su hau Keke Napep, su ci burabusko da miyar yakuwa da danderu a hannun matan gari, su yi ciniki a Monday Market. Kuɗinsu a unguwa yake kwana. Abin da suke nema bai wuce hanya mai lafiya, da raguwar shingayen karɓar na goro, da tasha mai bandaki da ruwa ba. Lambun da ke ciyar da gari kuma yana bakin kogin Ngadda da Alau da fadamun Jere, inda a Nuwamban 2020 aka yi wa manoman shinkafa yankan rago a Koshebe, aka binne 43 a Zabarmari rana guda.

Dam ɗin Alau da ake kwaɗayin kafa wurin shaƙatawa a bakinsa, an kammala shi a 1986 don ruwan sha da noman rani. Ya yi ambaliya a 1994, ba a ɗauki darasi ba. Ranar 10 ga Satumban 2024 ya ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da Fori da Monday Market, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya raba mutum wajen 400,000 da gidajensu. Ya kuma cinye lambun da talaka ke iya shiga da kuɗin aljihunsa, gidan zu na Sanda Kyarimi, inda hukumar wurin ta ce sama da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu. Nan ne ɗan Ajilari ke kai 'ya'yansa ranar Sallah su zauna a inuwar dogonyaro su ga giwa da jimina.

Don haka ga roƙona ga gwamnatin Borno da 'yan majalisarmu: mai son gina otal na alfarma ya gina da kuɗinsa, ya biya haraji, a kuma sa masa mita a rijiyarsa. Kuɗin jama'a kuwa a kammala gyaran Alau da shi, a kai famfo Ajilari da Bulumkutu, a mai da Sanda Kyarimi yadda yake ko fiye, a buɗe hanyar Baga ta yadda direba zai tafi ya dawo ba tare da jiran rakiyar soja ba.