Me Ya Hana Jarumanmu Cin Bandashe?



Akwai wani abu da muke yi a labaranmu wanda ya kamata mu zauna mu faɗa wa junanmu gaskiya a kansa. Duk sanda muka fitar da iyali yawo a labari, wuri ɗaya muke kai su. Alhaji ya ɗauko mota mai baƙin gilashi, a tafi wani gidan abinci mai sanyin na'ura, a ci shawarma, a sha ayis kirim, yara su ce sun gode, a dawo gida. Babu wanda ya yi gumi, babu wanda ya tambayi farashi. Mu da muke rubuta wannan kuwa, da yawanmu fitar da ta fi zama mana a rai muna yara ita ce ranar da aka kai mu kasuwar baje koli.

Mutanen Kano sun san filin da ke titin Gidan Zoo, inda ake cin kasuwar duk shekara idan hunturu ya fara shigowa. Na Kaduna kuma sun san tasu da ke Rigachikun, a kan hanyar Zariya. Ana cewa kasuwar kamfanoni ce da 'yan kasuwa, amma mu yara ba injin markaɗe ne ya kai mu ba. Lilo ne, da gugguru, da rake, da ƙaurin nama da ke tashi daga ɓangaren masu abinci tun kafin a ƙarasa shiga ƙofa.

To a nan labarin yake, ga mai son rubuta shi. A ɗauki maigida da ya zo da matarsa da 'ya'ya biyar. Ya biya kuɗin mota, ya biya na shiga, uwargida ta tsaya a rumfar robobi ta kashe fiye da abin da aka yi alkawari a gida. Yanzu an zo gaban mai tsire, yara sun zuba masa ido. Tsire da tsinke ake ƙirga shi. Idan ya sayi uku, dole a yi rabo, kuma a wajen rabon ne za a ga wane ne ɗan lele, wace ce ke cewa ta ƙoshi alhali ba ta sa komai a bakinta ba tun safe. Sai ya ja su gaba, wai tsiren nan bai gasu ba, ya tsaya wurin mai gurasa.

Mu dai a ganinmu babu abincin baje koli da ya kai bandashe, kuma ba don daɗi kaɗai ba. A jiƙa gurasa ta yi laushi, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli, a kwarara man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir, a zuba yaji. Faranti ɗaya, hannu bakwai, babu mai iya ƙirga lomar wani. Uba ya fita kunya, yara sun ƙoshi, ƙaramin cikinsu yana hawayen yaji yana ƙara miƙa hannu. Marubucin da ya rubuta wannan tsayuwar ba ya bukatar ya gaya mana cewa maigidan nan albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Mun riga mun gani, kuma mun ga yana da zuciya.

Mun san abin da wasu za su ce, don mun sha jin sa. Wai masu karatu sun gaji da talauci, sun gan shi a gida, abin da suke nema a littafi shi ne su huta, su shiga gidan da ba za su taɓa shiga ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba mu ce a daina rubuta masu kuɗi ba. Amma ai mai kuɗin Kano ma yana cin gurasa, yana aikawa Agadasawa a sayo masa kilishi. Matsalar ita ce muna rubuta abincin da sunansa kawai muka sani. Shi ya sa za ka ga an jera sunayen abinci shida a layi guda, babu ƙamshi, babu zafi, babu wanda ya ƙone harshe. Bandashe kuwa mun san yadda mai ke bin yatsa har gwiwar hannu, mun san yadda ake neman ruwa a guje.

Kuma ranar baje koli tana zuwa da abin da labari ke bukata ba tare da an ƙirƙiro ba. Ga cunkoson da yaro zai iya ɓacewa a ciki, uwa tana kiran sunansa muryarta na rawa, lasifika goma na tallar magani a kanta. Ga kishiyoyi biyu da aka fito da su rana ɗaya, kowace tana lura da kofin zoɓon da aka saya wa ɗan 'yar uwarta. Ga babbar ya da ta fara jin kunyar cin abu a tsaye a gaban mutane, ta ƙunshe awararta a leda sai an koma gida.

Masu son awara, mun san za ku ce an yi muku rashin adalci. Muna jin ku, musamman idan an tsoma ta a ƙwai an soya, aka haɗa da kabeji. Sai dai ita ma da ɗai-ɗai ake sayar da ita, kuma duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san rigimar da ke tashi idan saura guda ɗaya a leda.