Kalmar Turanci "to": ƙarama ce, amma tana jawo mana asara



Mu da muke neman abinci a Kudu, daga Mile 12 a Legas har Sabon Ibadan, Turanci ya zame mana dole a tasha, a banki da asibiti. Abin da ya fi kayar da mu kuwa ƙananan kalmomi ne, musamman "to". A rubuce kamar "to" ɗinmu ta amsawa take, amma "tu" ake furta ta, aikinta kuma daban.

Asalin ma'anarta "zuwa". In an rubuta "Lagos to Kano", daga Legas motar za ta tashi, Kano za ta. Haka a takardar aika kaya ko kuɗi: "from" mai aikawa ne, "to" mai karɓa. Wanda ya juya su ya jawo wa kansa zirga-zirga.

Tana kuma nuna wanda aka miƙa wa abu, inda mu muke sa "wa" ko "ma". "Send it to Musa" shi ne a aika wa Musa. "Monday to Friday" kuma daga Litinin zuwa Juma'a.

Wajen agogo ne aka fi shan wahala. "Ten to six" shida saura minti goma ne, wato 5:50. Mutum ya ji shida, ya ji goma, sai ya zo 6:10, ya tarar mota ta tashi da minti 20. A agogo "to" na nufin saura, "past" na nufin da.

Yaranmu ma suna tuntuɓe a nan. Ana cewa "go to school", amma "go home" ba ta ɗaukar "to". Ga kuma "too" da "two", furuci ɗaya, ma'ana daban. Kowa ya san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma irin waɗannan kurakurai suna cin maki a WAEC da NECO.

Ra'ayinmu shi ne ƙungiya ta ware awa ɗaya a mako bayan Isha'i, ɗalibanmu na jami'a su koya wa manya da yara irin waɗannan kalmomi, bayani da Hausa, misali daga kasuwa. Wasu za su ce Burokin ya ishe mu ciniki. Gaskiya ne, amma fom ɗin banki da katin asibiti ba da Burokin ake rubuta su ba.

Mai son koyarwa ya sanar da sakatare. Allah ya sa mu dace.